Ku Tambayi Inna Sista: Sunan wa za a rubuta a bangon asibiti?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu, na gida da na nesa. Wasiƙun wannan watan sun taru da yawa, kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar masu taimaka wa asibiti ce da yadda ya kamata a gode musu, shi yasa na ware guda biyar na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar hawan jini da ciwon suga ku yi min haƙuri sai wata mai zuwa insha Allah. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, gari kawai nake faɗa.

Tambaya ta farko, daga wani ɗan lajnar unguwa, wato kwamitin unguwa, a Kasala:

"Inna barka da aiki. Mu ne ke kula da ƙaramin asibitin unguwarmu, tun da yaƙi ya koro mutane daga Khartum da Madani wajen ya cika ya batse, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. To akwai wani Alhaji ɗan unguwar da ya daɗe a Makka, shi ya saya mana sola da batura da firij na ajiye allurai, wallahi tun ranar ba mu ƙara karɓar haihuwa da fitilar waya ba. Yanzu muna so mu kafa allo da sunansa a ƙofa mu yi ɗan taro, sai ɗaya daga cikinmu ya tashi yace wannan riya ce za mu ƙona masa lada, wasu kuma suka ce in ba a yi ba mun zama butulu, har an kusa ɓatawa. Inna ina gaskiya take?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya saka muku da alheri ku da Alhajin, ya sa a mizani. Na karanta wasiƙar nan taka sau biyu ban ga inda kace kun tambayi shi mai kyautar ba, kuna ta ja-in-ja a kan sunan mutum alhali yana raye kuma lambarsa na cikin wayarku. Ku kira shi. In yace a ɓoye to magana ta ƙare, ku ɓoye, kada wani ya zagaya ya raɗa wa liman ya faɗa ranar Juma'a da sunan wai addu'a ce. In kuma yace ba komai, ku rubuta, babu laifi ko kaɗan.

Ɗan'uwan da yace riya ce niyyarsa mai kyau ce, sai dai ya haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba. Riya a zuciyar mai bayarwa take, ku kuwa ba ku da tagar da za ku leƙa zuciyar Alhaji, abin da ke wuyanku shine kada ku ci alheri ku goge baki, yaba kyauta tukuici inji Hausawa. Manzon Allah (SAW) yace wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma a Suratul Baƙara aya ta 271 an ce in kun bayyana sadaka to madalla da ita, in kuma kuka ɓoye kuka ba mabuƙata hakan ya fi muku. Kaga duka ƙofofin biyu a buɗe suke, ɗaya ce dai ta fi ɗaya. Wani lokacin ma bayyanawar ce ke jawo wasu, ka tuna mutanen Mudar da suka shigo Madina cikin tsumma da yunwa, Annabi ya yi kira a taimaka musu, wani mutumin Ansar ya zo da ƙunshin kuɗi da ƙyar hannunsa ke riƙe shi a gaban kowa, daga nan mutane suka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Ni ma na ga irin haka a aiki, mutum ɗaya ya gyara rufin ɗakin haihuwa labari ya zaga, sati bai cika ba wani ya ɗauki nauyin tankin ruwa. Kuma ai mu a Sudan ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya zauna Khartum ya san asibitin Ibrahim Malik, ya san Ahmad Ƙasim da Haj Safi a Bahri, sunayen mutane ne, yaron da bai san ko su waye ba yana ambaton su kullum.

Amma ɗana ni abin da ya tsaya min a rai ba kafa allon ba ne, sunan wa da wa za a rubuta a kai. Waye ya hau rufi cikin ranar Kasala ya ɗaura solar nan bai karɓi ko kwabo ba? Wace ce ungozomar da take karɓar haihuwa da fitilar waya kafin solar ta zo, wata nawa ta yi ba albashi? Lokacin da kwalara ta ɓarke a 2024 su waye ke wanke bokiti da sinadarin kulorin har hannunsu ya tsattsage? Ba ka ambace su ba, kuma nasan ba da gangan ba ne, haka idonmu ya saba, mai kuɗi ake gani don kyautarsa tana da rasit, mai ba da ƙarfinsa da baccinsa kuma ba shi da takardar da zai nuna.

Bari in tuna maka abin da ya faru a 2015. Samarin nan na Shari' al-Hawadis, wato titin gaggawa, waɗanda ke zama a gefen asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf a Khartum suna tara wa marasa ƙarfi kuɗin magani ta Facebook, sun haɗa gudummawar jama'a suka gina ɗakin kulawa ta musamman na yara a asibitin Muhammad al-Amin Hamid da ke Umdurman. Ranar buɗewa kowa ya zaci minista ko wani babba za a kira, sai suka miƙa almakashi ga Ummu Gisma, mai sayar da shayin da suke zama a wajenta, wadda kujerunta ne ofishinsu tun ba su da komai. Ita ta yanke ƙyallen. Har wani ɗan jarida ya rubuta yana sukar abin, wai an raina manya, jama'a suka yi masa ca. Na ga hoton nan a wayar wata abokiyar aikina muna cikin dare a ɗakin marasa lafiya, sai da na fita waje na share hawaye, kuma akwai dalili.

A wani asibiti da na yi aiki shekarun baya akwai wata tsohuwa Bahaushiya 'yar unguwarmu mai suyar ƙosai a bakin ƙofa, kullum bayan isha sai ta shigo da tukunyar kunu lulluɓe da tsohon zani don kada ya huce, ta bi gado-gado tana neman waɗanda ba su da mai jinya, ta san su fiye da mu ma'aikata, wanda ba ya iya ɗaga kai ita ke tallafe shi ta ba shi da ludayi. Shekara da shekaru tana wannan ba wanda ya sa ta. Ranar da aka zo buɗe sabon ɓangare aka kafa rumfa aka jera kujeru, da sassafe aka ce ta kwashe kaskonta ta matsa can bayan katanga kada manyan baƙi su gani. Ina tsaye ta naɗe tabarmarta ta ɗora a kai, ba ta ce uffan ba, da daddare kuma ta shigo da kununta kamar kullum. Ban yi magana ba ranar, ina tsoron manya, har yau abin na ci min rai, Allah ya jiƙanta ta rasu tun kafin yaƙi. Duk lokacin da na tuna ta sai in tuna matar nan mai share masallacin Annabi da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba don ana ganin ba ta kai ba, da ya neme ta aka faɗa masa sai yace ku nuna min kabarinta, ya je ya yi mata salla.

To shawarata ku yi allon, amma ya zama mai faɗi. Sunan Alhaji ya shiga in ya yarda, na mai ɗaura sola ya shiga, na ungozoma da masu shara da mai raksha da ke kwaso mata masu naƙuda da tsakar dare, kuma kada a rubuta adadin kuɗi a gaban sunan kowa. Taron kuma kada ya wuce shayi da dabino da addu'a, don na sha ganin an kashe kuɗin da zai sayi kwalin ruwan ƙari goma a hayar rumfa da lasifika. Sannan ku gaya wa Alhaji cikin ladabi tun yanzu cewa suna a bango ba ya ba danginsa damar tsallake layi, mai hankali ma ba zai so ba. Godiyar da za ta fi yi masa daɗi kuwa ita ce bayan wata shida ku tura masa saƙo, ga haihuwa kaza da aka karɓa da dare a ƙarƙashin wutarka, ga allurar yara ba ta lalace ba, ga wanda muka ɗora wa share ƙurar gilashin duk sati da duba baturan. Masu bayarwa da yawa da na sani ba rashin allo ne ya sa suka janye hannu ba, dawowa suka yi bayan shekara suka tarar da abin ya mutu ba mai iya cewa ga yadda aka yi.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa a Gadarif:

"Yaya ina wuni. Ɗana direban raksha ne, jininsa irin wanda ake cewa O mai ragi, lambarsa ta zaga ko'ina, ƙarfe biyun dare sai a kira shi wai mace na zubar da jini, ya tashi ya tafi. A wata huɗu ya bayar sau uku. Wasu ko sannu ba sa ce masa, akwai waɗanda washegari suka wuce shi a kasuwa kamar ba su san shi ba. Ni dai na ce ya daina kada jininsa ya ƙare a banza. Na yi laifi?"

Ƙanwata lafiya lau, Allah ya raya miki shi ya yi masa albarka, irin wannan ɗan abin alfahari ne. Ba ki yi laifi ba da kika ji tsoro, kuma a wani ɓangaren ma kin fi shi gaskiya, sau uku a wata huɗu ya yi yawa ƙwarai. Abin da ake ɗiba a jaka ɗaya kusan mililita 450 ne, babban mutum kuma yana ɗauke da kusan lita biyar, ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu amma jajayen ƙwayoyin sai sun ɗau makonni, sinadarin ƙarfen da ake gina su da shi kuma ya fi haka daɗewa. Shi yasa ake cewa namiji ya bari sai bayan wata uku, mace wata huɗu. Nasan yadda ake yi, yau ya bayar a wannan asibitin gobe a wancan, ba wanda ya san da na baya, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Ki ce masa Inna tace ya je a auna ƙarfin jininsa, ya huta wata uku cur, ya riƙa cin hanta da wake da ganye, ya samu ɗan kati yana rubuta ranar da ya bayar, kuma kada ya hau raksha ya ɗauki fasinja daga tashi a kan gadon ɗiban jini. Amma dainawa gaba ɗaya a'a, jini ba ya ƙarewa in an bi ƙa'ida, kuma irin nasa kowa na iya karɓa a lokacin gaggawa, masu shi kuma ba su da yawa. Abin da zai rage masa nauyi shine ya nemo wasu masu irin jininsa su yi ƙungiya a WhatsApp suna karɓa-karɓa.

Maganar rashin godiya kuma ta taɓa ni. Wasu ba butulci ba ne, a daren da matar mutum ke tsakanin rai da mutuwa bai ma ga fuskar wanda ya ba da jinin ba, wani kuma kunya ce, yana ganin ba shi da abin da zai saka da shi sai ya kau da kai. To ga masu irin wannan kunyar nake magana, ba kuɗi ake nema a wajenku ba, Annabi yace wanda aka yi wa alheri yace jazakallahu khairan ya kai matuƙa wajen yabo. Ku taka ku je gida ku gaida mahaifiyarsa, ku kai masa jaririn ya gani, shikenan. Kuɗi ma ni ba na so a saba bayarwa, domin da zarar jini ya zama haja mai buƙatar kuɗi zai ɓoye ciwon hantarsa ko wata cutar don kada a mayar da shi, shi yasa Hukumar Lafiya ta Duniya ke nanata cewa jinin sa kai wanda ba a biya ba ya fi aminci.

A Saudiyya wanda ya ba da jini sau goma gwamnati na ba shi lambar yabo, wanda ya ba da ƙoda ko wani sashe na hanta kuma ana ba shi lambar Sarki Abdul'aziz mai daraja ta uku. Mu nan ba mu kai can ba, amma 14 ga Yuni ranar masu ba da jini ce ta duniya, me zai hana lajnonin unguwanni su tara samarin nan bayan la'asar a kira sunansu ɗaya bayan ɗaya a gaban iyayensu a sa musu albarka.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi ɗan wajen Mai Wurno a jihar Sinnar:

"Inna, kawuna manomi ne, ciwon nan da ake kira nabit ya kama ƙafarsa, kafin yaƙi yana cikin waɗanda suka yarda aka gwada sabon magani a kansu a Soba. Har yau wasu a gari na cewa ya sayar da kansa an mayar da shi ɓeran gwaji. Sannan na ba wani mai hali shawara ya sa wani abu a harkar bincike sai yace bincike ba sadaka ba ce, ba ya cika cikin kowa. Me za ki ce?"

Ɗana ka gaida min kawunka gaisuwa ta girma, ka ce masa wata tsohuwar sista tana yi masa jinjina. Ga waɗanda ba su san ciwon ba, likitoci na kiransa maisitoma, wasu su ce madura, yawanci ta hanyar sukar ƙaya yake shiga ƙafar manomi ko makiyayi mai tafiya ba takalmin kirki, ya fara da ɗan kumburi marar zafi shi yasa ake raina shi, a hankali ya yi ta huda yana fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar tsakuwa, in aka bar shi ya ci ƙashi sai yanke ƙafa. Sinnar da Jazira da Farin Nilu na cikin wuraren da ya fi yawa, wato dai inda mutanenmu ke noma. Iri biyu ne, na bakteriya da ke jin magani da sauƙi, da na fangas, dangin abin da ke kawo makero, wanda shi ya fi yawa a Sudan kuma shi ne mai taurin kai.

Shekaru da yawa duniya ba ta damu da shi ba don ciwon talaka ne. Farfesa Ahmad Hasan Fahal ne ya kafa cibiyar binciken maisitoma ta Jami'ar Khartum a Soba a 1991, aka yi ta fafutuka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. A 2017 aka fara gwajin da kake magana, tare da ƙungiyar DNDi mai neman magungunan irin waɗannan cututtuka da kamfanin Eisai na Japan, mutum 104 suka shiga, kuma shine gwaji irinsa na farko a duniya a kan wannan ciwon. Tsohon maganin, itrakonazol, kullum ake sha safe da yamma har tsawon shekara ga tsada, sabon kuma, fosrabukonazol, sau ɗaya ne a sati. Sakamakon bai nuna sabon ya fi tsohon ƙarfi ba, amma ya nuna yana aiki, kuma duk wanda ya taɓa bin manomi ya sha ƙwaya kullum har wata goma sha biyu ya san darajar sau ɗaya a sati. Yanzu ka gaya min, da mutum ɗari da huɗun nan sun ƙi, ta ina za a san wannan? Ɓera ba a neman izininsa, kawunka kuwa ƙa'idar bincike ta duniya tun sanarwar Helsinki ta 1964 ta wajabta a yi masa bayani ya yarda da kansa, kuma yana da ikon fita duk ranar da ya so. Ya yi ta zirga-zirga daga Sinnar zuwa Khartum da ƙafa mai ciwo, ya bar gonarsa, ya miƙa hannu ana ɗiban jini, don wani yaro da bai sani ba ya tsira da ƙafarsa. Sunansa ba zai taɓa fitowa a takardun bincike ba saboda sirrin marar lafiya, lamba kawai ake sa masa, to tunda takarda ba za ta gode masa ba ku 'yan gari ku ne za ku yi, ba ku bi shi da gori ba.

Shi kuma mai halin ka faɗa masa a hankali, ciyarwa alheri ce babba musamman a wannan yunwar, ba na rage mata komai, amma cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa akwai ilimin da ake amfana da shi. Maganin zazzaɓin da yake ba 'ya'yansa wani ne ya biya kuɗin bincikensa shekarun baya. Cibiyar Soba ta sha ɓarna a yaƙin nan, haka aikin yaƙi da kala-azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa, da aka daɗe ana yi a nan yankin Gadarif yana buƙatar hannu, ko kuɗin motar marar lafiya ɗaya zuwa wajen likita ya ɗauka ya shiga cikin aikin.

Tambaya ta huɗu, daga wata budurwa a Umdurman:

"Inna ina aiki da ɗakin agajin gaggawa na unguwarmu, muna dafa abinci a takiyya, wato wurin ciyar da jama'a kyauta, muna kuma taimakawa a asibiti. Masu turo mana kuɗi ta manhajar banki ta Bankak daga waje suna cewa mu riƙa sa hotuna su gani. Ina so in sa hotunan marasa lafiyan da aka taimaka da sunayen abokan aikina don a yaba musu. Ya dace?"

'Yata Allah ya tsare ku, ku ne kuka riƙe mutane tun 15 ga Afrilun 2023 lokacin da komai ya watse. Abin da kuke yi shi Larabawan Sudan ke kira nafir, mu kuma gayya muka gada, kuma duniya ta gani, a 2025 ɗakunan agajin nan sun samu kyautar Rafto ta Norway da ta Right Livelihood ta Sweden. Ki lura, da sunan tafiyar gaba ɗaya aka bayar, ba da sunan mutum ɗaya ba.

Hoton marar lafiya dai a'a. Mutumin da ke kwance da robar fitsari, ko uwa riƙe da yaron da yunwa ta tsotse, in kin tambaye su za su ce to don suna ganin in sun ƙi maganin zai tsaya, wannan ba yarda ba ce. Yaron nan zai girma ya tarar da hotonsa a intanet. Masu bayarwa suna da haƙƙin su san inda kuɗinsu ya shiga, to ki nuna musu rasit, kwalayen magani, buhunan adas, tukwane a kan wuta, lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita duk sati. Wanda yace sai ya ga fuskar mai kuka zai bayar, ki ba shi haƙuri.

Sunayen abokan aikinki kuma kin fi ni sanin halin da ake ciki, an kama 'yan sa kai da yawa a yaƙin nan, an kashe wasu, kowane ɓangare na zargin su da yi wa ɗayan aiki. Kada yabo ya zama sanadin da za a ƙwanƙwasa wa wani ƙofa da dare. Ki samu littafi ki riƙa rubutawa, wane ya yi kaza ranar kaza, wance ta kwana nawa a ɗakin yara, har da waɗanda suka rasu, ki adana shi wajen da kika amince, ranar da ƙasa ta lafa za a buƙace shi. Kafin nan ki faɗa musu baki da baki, ki kuma tilasta wa wanda ya gaji ya je ya yi bacci.

Tambaya ta ƙarshe, daga wata Hajiya a Jidda:

"Sista mu mata ne 'yan asalin Damazin, muna haɗa riyal duk wata mu tura wa asibitin garinmu. Wata a cikinmu ta fi kowa bayarwa kuma tana so a riƙa karanta abin da kowa ta bayar a guruf, masu ba da kaɗan sun fara janyewa."

Hajiya sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Ku daina karanta adadi. A faɗi sunayen duk waɗanda suka sa hannu a jere, a faɗi jimillar abin da aka tara da abin da aka saya, adadin kowa kuma ya tsaya tsakanin mai riƙon kuɗi da mutum biyu masu duba lissafi. Mai aikin gida da ta cire riyal ashirin daga albashinta wataƙila ta fi mai dubu jin zafin cirewa, kuma hadisi ya zo cewa dirhami ɗaya ya tsere wa dirhami dubu ɗari. Ita mai yawan bayarwar kada a kunyata ta a guruf, babbar cikinku ta same ta ita kaɗai ta gode mata sosai sannan ta nuna mata matan da suka janye, in mai neman lada ce za ta gane.

Sai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa, Saudiyya ta hana tara gudummawa ba tare da izini ba kuma ana hukunta wanda aka kama, kada ku yi shela a buɗe ko ku riƙa yaɗa lambar asusun wata a cikinku. Hanyoyin da hukuma ta amince da su akwai Ihsan na cikin gida, da Sahim na cibiyar agaji ta Sarki Salman wanda ta nan aka buɗe gangamin taimakon Sudan a 2023. Ku nemi wanda ya san dokar ƙasar ya duba muku yadda kuke turawa kafin kuɗin wata mai zuwa ya fita.